Tsohon Littafi da Sabon Albarushi

Ku samarin zumuntar matasa, tunda kun dame ni da tambaya, ga amsa. Ranar Lahadi bayan sujada wasunku suka tare ni a wurin ajiye motoci, ɗaya ya tura mini waya har kan hanci, wai in kalli wani Bature mai gemu yana ɗura harsashi a garejinsa yana dariya. "Kawu Bulus, ashe aikin naku ba wuya, jan hannu ne kawai." Ban tanka muku ba, don yunwa nake ji, ni kuwa in na buɗe baki da yunwa baƙar magana ce ke fita. Yanzu na ci na ƙoshi. Wanda zai karanta ya karanta har ƙarshe, wanda ba zai iya ba ya bar maganar ɗura harsashi, ya je ya sayi na kanti kamar kowa.

Ni ba ɗan boko ba ne. Firamare na gama a Billiri, na yi faci a bakin tasha har cacar biza ta jefo ni Greensboro. Na fige kaji a kamfani, na wanke motoci a Gate City Boulevard, daga nan wani ɗan cocinmu ya haɗa ni da Mista Ray, tsohon Bature mai ƙaramin shago a bayan gari, mai lasin sake ɗura harsashi yana sayar wa maharba da masu gasar harbi. Shara ya ɗauke ni. Yau na haura shekara goma a wurinsa, kuma har gobe in na ɗauko gwangwanin albarushi sai tafin hannuna ya yi gumi. Ranar da ya daina gumi, ranar zan ajiye aikin.

Aikin farko da ya ba ni bayan tsintsiya shi ne tsintar kwanso. Ana kawo kwanson harsashin da aka riga aka harba cikin bokitai daga filin gwaji, duk ƙasa da toka. In zauna a kan kujera ƴar tsugune, in ɗauki ɗaya, in juya shi a gaban fitila, in duba bakinsa ko ya tsage, in duba gindinsa ko ya kumbura, in karanta lambar da aka buga masa, in jefa shi inda ya dace. Tun ganyen itatuwa na kore nake wannan har suka yi ja suka zube, ban taɓa albarushi ba. Wata rana na gaji na ce masa ni fa ba tsintar wake na zo yi Amurka ba. Sai ya miƙe. Ya buɗe durowa ya ɗauko wata bindiga da ta tsage daga tsakiya, ƙarfenta ya buɗe kamar ɓawon ayaba, ya ajiye mini a cinya. Na tambaye shi ina mai ita. Ya ɗaga hannunsa na dama ya naɗe yatsu biyu, ya nuna mini abin da ya rage wa mutumin. Na koma kan bokitina.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Akwai injin matsi, mai hannun da kuka gani ana ja. Akwai sikeli, wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya motsa. Akwai ma'aunin tsawo. Akwai furaima, ɗan ƙaramin maɓallin da ke zama a gindin kwanso yana tada wutar. Akwai kan harsashin, sai albarushi. A shagonmu gwangwani ɗaya tak ke hawa tebur a lokaci guda, a cikin mazubinsa na kamfani, da sunansa a jiki. Ba rediyo, ba waya, ba hira. In kwastoma ya shigo kana tsakiyar zubi, ya tsaya ya jira ko da gwamna ne. Amma duk waɗannan kayan makafi ne. Idonsu shi ne littafi.

Littafin ɗuri ba littafin karatu ba ne, ni ma da Turancina na kasuwa da yatsa nake binsa layi-layi. Kamfanonin da ke yin albarushi da kan harsashi su ne ke da ɗakin gwaji da injin auna ƙarfin wuta a cikin bututun bindiga. Su gwada, su rubuta: irin wannan harsashin, da irin wannan albarushin, daga nan za ka fara, nan kuma iyaka ce, kada ka ƙetare. Abin da ba ku sani ba, littafin yana tsufa. Ana fito da sabon albarushi, ana daina yin wani, ana sake gwada na da a sabon inji a ga ashe iyakar da aka rubuta a da ta yi yawa, a rage. Mu mun taso da cewa tsohon abu ya fi albarka, tsohuwar tukunya ta fi daɗin miya. A wannan sana'ar tsohon littafi maƙiyinka ne mai fuskar kaka.

Don haka in za ka sayi littafi, buɗe shafin farko ka ga bugu na nawa ne, ka tambayi mai shago ko akwai wanda ya fito bayansa. Sannan ka nemi albarushin da ke hannunka a ciki, da sunansa da lambarsa daidai, ba mai kama da shi ba, ba ɗan'uwansa ba. Ka nemi irin kan harsashinka. In babu su, littafin ba naka ba ne, ko da kyauta aka ba ka. Ka sami na biyu daga wani kamfani ka haɗa su, ka duba abin da masu albarushin suka sa a shafinsu na intanet yanzu. In suka saɓa, ka bi mafi tsoro a cikinsu. Rubutun biro da wani ya yi a gefen shafi kuwa, kada ka kalle shi. Ba ka san bindigarsa ba, ba ka san ko yana da yatsunsa ba.

Shekarar annobar korona ce ta koya mini duk wannan a jikina. A shekarar kowa a ƙasar nan ya ruɗe ya hau sayen bindiga da harsashi, kantuna suka zama fayau. Furaima ta ɓace, albarushi ya ɓace. Mista Ray ya yi oda, aka ce ya jira, muka jira har muka gaji. Wasu ranakun mu buɗe shago mu share mu zauna muna kallon juna. Mutane kuma suka koma sayen duk albarushin da suka samu, ko sun san shi ko ba su sani ba, suna kakkaɓe tsoffin littattafan kakanninsu. Kusan kowane mako sai wani ya shigo da bindiga a cije, wani da fuska duk ɗigon ƙuna. Na ɗauka abin na Turawa ne, ba zai zo gidanmu ba.

A cocinmu akwai Irmiya, mai tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, mutum mai sanyin hali, mijin Rifkatu. Abokan aikinsa suka koya masa farautar barewa, ya yanki lasin, ya sayi bindiga. A wani gwanjon ƙofar gida ya sami injin matsi da tarkacensa, matar wani mamaci ce ke sayarwa, ta haɗa masa da littafin mijinta, wanda takardarsa ta yi ja don tsufa. A lokacin kuma surukinsa, mahaifin Rifkatu, Baba Dauda, yana zaune tare da su a East Greensboro. Ya zo ganin jika, annoba ta rufe hanya. Baba Dauda ba ƙaramin maharbi ba ne a gida. Ya kashe gwanki, ya kashe gyado, da bindigar toka irin wadda muke ce wa harba-ka-ruga, wadda ake ɗura wa baƙin albarushi ta baki a danna da tsumma. Tsoho ne da ya saba a tashi in ya shigo, ga shi an kulle shi a falo da talabijin da ba ya jin yarenta.

Wata Lahadi, saura mako a buɗe lokacin farauta, Rifkatu ta kira ni cin tuwo. Na cinye, ina wanke hannu, Baba ya ce, "Bulus, taso ka ga aikin maza. Ku kuna can kuna yi wa Bature bauta da sikeli."

Muka shiga gareji, Irmiya na biye da mu kansa a ƙasa. Abin da idona ya fara sauka a kai gwangwanin madara ne a kan tebur, irin wanda matanmu ke zuba kuka ko yaji a ciki. Baba ya buɗe shi. Albarushi ne.

Na ce, "Baba, ina mazubinsa na asali?"

"Na roba ne, bakinsa ƙarami, hannu ba ya shiga. Na yar."

Irmiya ya zaro shi daga kwandon shara ya miƙo mini, bai ɗago ido ba. Na karanta sunan. Sabon albarushi ne, kuma na ƙananan bindigogin hannu, mai saurin ci, ba na doguwar bindigar farauta ba. Shi kaɗai ya samu a kanti. Na ɗauki tsohon littafin na bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, babu sunan, don ko da aka buga littafin ba a haifi wannan albarushin ba.

Na ce, "To da wane awo kuka zuba?"

Baba ya yi dariya. Ya ɗebi kaɗan da yatsa, ya fita da shi kan siminti a waje, ya ƙyasta ashana. Albarushin ya ci a hankali, da ƴar wuta ruwan ɗorawa, kamar busasshiyar ciyawa.

"Ka gani? Namu na gida in ka sa masa wuta, fuu! sai ka nemi girarka ka rasa. Wannan kuwa rago ne, mace ce. Littafin ya faɗi awon wani albarushin, na ce wa yaron nan ya zuba haka, ya ɗan ƙara, don kada barewa ta yi mana dariya."

Ku saurara da kyau, don nan ne mutuwa take. Baba bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya gani gaskiya ne. Albarushin zamani a fili haka yake ci, kamar ba shi da rai. Sai an kulle shi a cikin ƙarfe yake nuna halinsa, kuma halin ya ninka na baƙin albarushin gida nesa ba kusa ba. Ilimin da ya ciyar da gidan Baba shekara da shekaru, shi ne a wannan garejin zai cire wa mijin ƴarsa fuska. Ga kwali a kan tebur, harsasai jere suna ƙyalli, an goge su tas.

Na dubi Irmiya. Ya sani. Wallahi ya san akwai matsala, a fuskarsa na gani. Amma ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba: mutum ba ya ce wa surukinsa "ba haka ba ne." Ko abinci ba ya ci a gabansa. Tsohon da ya ba ka ƴarsa, ya zauna a gidanka, ya ce zuba, sai ka zuba.

Ni ma ban isa in ce masa ya yi kuskure a gaban surukinsa ba. Sai na durƙusa na ce, "Baba, roƙo nake. Ka ba ni kwalin nan in kai wa maigidana ya ga aikin maharban ƙasarmu. Ni kuma in kawo wa Irmiya na kanti ya fita da su ran Asabar."

Ya dube ni ya daɗe. Tsoho ba wawa ba ne.

"Kana nufin aikina zai kashe shi."

"Baba, bindigar ce ba irin tamu ba."

"Tun ubanka bai yi kaciya ba nake harbi."

"Haka ne, Baba."

"Ɗauka. Yaro ya roƙa, ba a hana shi. Amma kada ka ƙara cin tuwo a gidan nan kana kallona."

Na rungumi kwalin da gwangwanin madarar na sa a bayan mota, na yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Da safe na kai wa Mista Ray. Ina buɗe kwalin na ga layi ɗaya babu komai, ramukan a buɗe. Na kira Irmiya a wurin aiki.

"Ina sauran?"

Ina jin ƙarar injuna a bayansa. Can ya ce, "Yaya Bulus, suna aljihun Baba. Ya ce maharbi ba ya ba da harsashinsa duka, ko ga ɗan cikinsa."

"Karɓo su."

"Ta yaya? In sa hannu a aljihun surukina?"

"To kada ka je da shi daji."

"Ya riga ya sa Rifkatu ta saya masa hular nan ta maharba mai ruwan lemo. Tun jiya yake sanye da ita a falo."

Mista Ray ya kulle kwalin bai auna ko ɗaya ba, ya ce sunan albarushin kaɗai ya ishe shi. Makon nan ban yi aikin kirki ba. Mista Ray ya kore ni daga tebur ya mayar da ni kan tsintsiya, ya ce hannun da ke rawa ba ya auna masa albarushi. Ya ciro kwalin harsashin kanti daga ɗan abin da ya ɓoye wa kansa ya ba ni, na kai wa Irmiya har sito. Na kama shi a kafaɗa na ce, komai tsohon nan zai faɗa, kada ka sa nasa a bindigarka. In ka ja kunamar nan da nasa a ciki, ƙarfen da ke daidai idonka shi zai fara tashi. Ya ce to. Irin "to" ɗin da na san ba ta da ƙashi. Na je wurin Fasto, ya ce zai yi wa Baba magana bayan sujada ran Lahadi. Na ce farautar Asabar ce. Ya kira shi a waya, Baba ya gaishe shi da ladabi, ya ce Fasto ya kula da tumakinsa, shi zai kula da barewa.

Ran Asabar ina shago wayata na aljihu, abin da ban taɓa yi ba. Duk motar asibiti da ta wuce a babban titi sai in zaro wayar in duba. Har muka rufe ba kira. Na kira Irmiya, ba ta shiga, dajin ba sabis. Na kira Rifkatu, wadda na riga na gaya wa komai, ta ce ba su dawo ba.

Sai ran Lahadi na ga Irmiya a ƙofar coci, da idonsa biyu, da yatsunsa goma. Na ja shi bayan gini, ya ba ni labari. Sun zauna a maɓoya tun sassafe, sanyi na cin su. Da hantsi sai ga namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa, mai ƙaho, ya tsaya a fili yana kiwo, kusa har ana ganin tururin hancinsa. Irmiya ya ɗaga bindiga da harsashin kanti a ciki. Baba ya dafa hannunsa, ya zaro nasa daga aljihu, ya raɗa masa, "Naman fari da na gida ake kashe shi. Cire wancan."

Ya cire. Ya sa na Baba. Ya rufe bindigar, ya kafa ta a kafaɗa, kuncinsa a kan katako, idonsa daidai ƙarfen da na gaya masa. Baba na raɗa, "Yanzu. Yanzu, ɗana." Ya ce mini yatsansa na kan kunama. Ba zai iya ja ba, ba zai iya ce wa tsohon a'a ba.

Sai ya yi tari. Tari mai ƙarfi, na gangan, har da kakari. Barewa ta ɗaga wutsiya ta shige daji.

Baba bai yi masa magana ba a mota har gida. Amma a coci ya yi. Ya tsaya a tsakiyar dattawa bayan sujada yana ba da labari da hannu da ƙafa, wai ya ba da ƴarsa ga mutumin da ke yi wa nama tari. Aka yi ta dariya. "Irmiya, a kawo maka zuma da citta?" "A'a, ku bar shi, gaisawa suka yi da barewar." Irmiya na tsaye yana murmushi.

Ran Litinin Rifkatu ta shigo shagonmu da kayan aikinta na asibiti, ta ajiye ƙullin hankici a kan tebur. Ta ce sauran harsasan ne, ta kwashe su daga rigar babanta da za ta sa a injin wanki, in ya tambaya za ta ce ruwa ya lalata su. Har da wanda aka sa a bindigar aka cire, ga ƙarzuwa a jikinsa. Mista Ray ya ɗauko gudumar da muke cire kan harsashi da ita, ya buɗe wannan ɗin, ya juye albarushin a sikeli. Ya dubi lambar, ya buɗe sabon littafi ya duba, ya sake duban sikelin. Sai ya cire tabarau ya fita waje ya zauna a kan dakali. Rifkatu ta tambaye ni me ya gani. Na ce ta je ta yi wa mijinta miya mai kyau.

Da hanya ta buɗe Baba Dauda ya koma gida, bai yi mini sallama ba, kuma har yau bai san abin da ke cikin harsasan nan ba, don babu wanda ya isa ya gaya masa. Irmiya ya kawo mini tsohon littafin, na yayyaga shi da hannuna don kada wani ya tsince shi a shara. Ya sayi sabon bugu, kuma duk lokacin da aka fito da wani sai ya zo ya tambaye ni.

Kun san shi ai. Shi ne mai karɓar baiko a layin hagu, wanda ku ma kuke kira Mai Tari ba ku san dalili ba. Yana amsawa. Ran Lahadi in ya miƙo muku faranti, ku dubi hannun da ya riƙe shi da shi, ku ƙirga yatsun, sannan ku zo ku sake gaya mini cewa jan hannu ne kawai.